Mu 17 za mu Masar da Hajiya da jikokinta: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da yayana da ƙanena mun yanke shawarar kai mahaifiyarmu Masar a hutun Disamba, kwana 10. Shekarunta 74, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa, ta yi Hajji da Umra, yanzu burinta ta ga Azhar. Za mu tafi da matanmu 3, da ƙanwarmu wadda mijinta ba zai samu zuwa ba, da yara 9, ƙaramarsu wata 14, babbansu shekara 16. Daga Kano za mu tashi. Matasa na son Alƙahira da Iskandariyya da Luksor da Sharm el-Sheik duka. Kuma har yau ba mu zauna a kan maganar kuɗi ba. Ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya saka muku da alheri bisa wannan niyya, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Mutum 2 ne za su tsara muku wannan tafiya, Hajiya da 'yar wata 14. Sauran 15 za su iya jure kowane tsari, su ba za su iya ba. Don haka gari 4 a kwana 10 ku cire shi a ranku. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Duk sauya gari yana cinye yini guda wajen ɗaure kaya da jiran mota da rabon ɗakuna, ga shi Luksor da Sharm sai an sake hawa jirgi ko an yi doguwar tafiya a mota. Ku sauka a Alƙahira, ku zauna a masauki ɗaya har ranar dawowa. Iskandariyya kilomita 220 ce ko kusa da haka, wajen awa 3 a mota, ana iya sammako a je a dawo. In matasa sun matsa a kan Luksor, ƙanenka ya ɗauki manyan ya kai su kwana 2, su same ku a masauki.

Amma kafin masauki da jirgi, takardu. A wannan makon a tattaro fasfon kowa a kan tabarma ɗaya, mutum ɗaya ya duba su da idonsa, kada a yarda da “nawa lafiya lau yake” ta waya. Kowane fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata 6 daga ranar shiga Masar. Kowane yaro sai da nasa, har jaririyar, kuma ba a yin fasfo sai da lambar NIN. Tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000, to in yaran 9 duk ba su da shi, kun ga naira 900,000 ta fita tun ba a je filin jirgi ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne saɓanin suna: Muhammad a NIN, Mohammed a takardar haihuwa, Muhammadu a tsohon fasfo. Gyaran irin wannan yana ɗaukar makonni. Ƙanwarku ta riƙe takardar amincewar mijinta cewa ya yarda a fita da 'ya'yansa, da kwafin fasfonsa ko katin shaidarsa, da takardun haihuwar yaran.

Biza kuwa kafin a tashi ake nemanta, kada wani ya ce muku za a buga a filin jirgin Alƙahira. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, domin Masar na neman sa ga wanda ya fito daga Nijeriya. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Jaririyar ta wuce wata 9, mai yiwuwa ma an yi mata a rigakafin yara, sai dai a shigar da shi cikin katin. Hajiya ce abin lura: wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yin allurar ba sai likita ya duba shi tukuna. Tunda ta yi Hajji, a binciko tsohon katinta.

Yanzu kuɗi, wanda ka ambata a ƙarshe alhali shi ne ke raba zumunci. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ku 4 har da ƙanwarku ku zauna, ba matanku ba yara, ku fayyace abu 3. Na Hajiya ku raba a tsakaninku gwargwadon ƙarfi, ba lalle sai daidai wa daida ba. Sauran kowane gida ya biya bisa yawan kawunansa, domin in aka raba gida-gida, mai 'ya'ya 1 zai ɗauki nauyin mai 'ya'ya 4, ba zai yi magana ba, amma matarsa za ta yi. In wani cikinku zai rufa wa ƙanwarku asiri, ya yi tsakaninsa da ita, kada facaloli su ji adadin. Na uku, a rubuta a zauren WhatsApp na gida cewa duk wanda ya fasa bayan an yanki tikiti, asarar tasa ce.

Asusun haɗaka ya ɗauki jirgi da masauki da mota da abinci da kuɗin shiga wurare. Tsaraba kowa da aljihunsa. A ɗora kashi 15 cikin 100 a kan lissafin saboda abin da ba a zata ba, kuma duk abin da aka tara a mayar da shi dala nan take. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi a 2023 da farkon 2024 ba ya buƙatar bayani. Kada mutum ɗaya ya rungumi kuɗin duka: abin da ya haura dala 10,000 a hannun mutum sai an bayyana wa kwastam, nan da can. Ku tafi da katin banki mai aiki a waje, saboda manyan wuraren tarihi da yawa a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin yankar tikiti. Ku naɗa ma'aji, ku naɗa shugaban tafiya, kamar yadda hadisi ya yi umarni ga mutum 3 da suka fita tafiya. Ba dole ya zama babban yaya ba. Wanda ya fi haƙuri da iya ɗaga waya ake nema, yaya kuma ya ba shi goyon baya a gaban kowa.

EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, tafiyar da ba ta wuce awa 5. Ko da ya fi tsada a kan wanda zai ya da zango a Addis Ababa ko Doha, ku ɗauke shi. Jiran awa 6 a wani filin jirgi da mai ciwon suga da yara 9 ya fi rarar da za a samu tsada. Shafin intanet na yawancin kamfanoni ba ya karɓar fiye da mutum 9 a lokaci guda, daga 10 zuwa sama sai ta sashen rukuni. Mutane na zaton tikitin rukuni ya fi araha. Ba kullum ba. Amfaninsa shi ne a riƙe muku kujeru da kafin alƙalami, a ba ku lokaci kafin ku miƙa sunaye. Kujerun jirgi aji-aji ne a farashi, in masu arahar saura 5 ku kuwa kuna neman 9, kwamfuta za ta ba ku duka 9 a farashi na gaba. Shi ya sa nake cewa a tambayi farashi ta hanya biyu, na rukuni da na gida-gida, a kwatanta. In an rarraba, kada a raba yaro da uwarsa a lambar rajista. Jaririyar a cinya za ta zauna, kuɗinta kaɗan ne, 'yan shekara 2 zuwa 11 kuma galibi akwai ragi. Disamba lokacin rububi ne, wanda ya kai Nuwamba bai saya ba zai ji a jikinsa.

In ta hannun eja za ku bi, ya kasance mai rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ku biya a asusun kamfani. Takardar da ke nuna an riƙe kujera daban, tikiti daban. Tikitin gaske yana da lamba 13 ga kowane fasinja, kuma za ka iya shiga shafin kamfanin jirgin ka gani da kanka. A nan ne za a nema wa Hajiya keken guragu, aƙalla awa 48 kafin tashi, a kuma faɗa musu ko tana iya hawa matakalar jirgi. Za ta ce ita ƙafarta ƙalau. Ku lallashe ta, filin jirgin Alƙahira yana da tsawo.

Maganinta duka, musamman insulin, a jakar hannu, domin a cikin kaya yana iya daskarewa ko jakar ta ɓata. A riƙe takardar likita da Turanci mai sunayen magungunan, da ƙarin na mako guda. Ku binciki jakar kowa kada a samu tramadol: a 2017 an yanke wa wata 'yar Birtaniya hukuncin ɗaurin shekara 3 a Masar kan ƙwayoyi kusan 290 da ta shiga da su. Kada kowa ya karɓi saƙon wani a filin jirgi. Inshorar lafiyar tafiya kuma a karanta ta da kyau, da yawa ba sa biyan ciwon da mutum ya zo da shi daga gida sai an ƙara kuɗi.

Otal zai nemi ɗaki 6 ko 7 a gare ku. Na fi son gidajen haya masu kayan ɗaki, 3 a bene ɗaya, kowace mace da ƙofarta da madafinta. Madinat Nasr na da irinsu da yawa, tana kusa da filin jirgi, kuma nan ɗaliban Nijeriya suka yi yawa, ba za ku rasa mai jin Hausa da Larabci da zai yi muku jagora ba. Kafin ku biya, a turo bidiyo tun daga bakin titi har banɗaki: akwai lif, tana aiki, matakala nawa ce kafin a kai gare ta? Akwai abin ɗumama ruwa? Daren Disamba a Alƙahira na sauka wajen digiri 10, kuma gidajen ba a yi su don sanyi ba, sai a ɗauki rigunan sanyi da safa. Soket ɗinsu mai baki 2 ne zagayayye, ku sayi adafta. Abinci ba zai ba Hajiya wuya ba, suna miyar lalo da kuɓewa, suna shan zoɓo. A dai tafi da garin tuwo da kuka da daddawa a leda mai rubutu.

Ku ɗauki Kosta ɗaya da direba na tsawon kwanakin, ranar sauka da ranar tashi a ƙara motar kaya, don jakunkuna za su haura 30. Kowace rana fita ɗaya ta kowa da kowa, daga hantsi zuwa azahar, da yamma kowane gida ya yi abin da ya ga dama. Dala na Giza rana guda, amma shiga cikin babbar, ta Fir'auna Khufu, a sunkuye ake hawa, ba ta Hajiya ba ce, kuma a gama ciniki da mai raƙumi kafin yaro ya hau. Babban gidan tarihin da aka buɗe kusa da su a Nuwamba 2025 a ba shi tasa ranar. Azhar da Masallacin Husaini da kasuwar Khan el-Khalili maƙwabta ne, sai dai kada ku kai ta ranar Juma'a saboda cunkoso. Hantsin Litinin ko Talata ta zauna yadda take so, wata rana kuma a kai ta kabarin Imam Shafi'i. A bar kwana 2 babu komai a cikinsu, ɗaya a tsakiya, ɗaya kafin tashi. Kowane yaro a sa masa kati a aljihu mai adireshin masauki da Larabci da lambar wayar Masar ta shugaban tafiya, kuma a ƙirga kawuna duk lokacin da za a rufe ƙofar mota.