Yadda za ka fita su da mai keken guragu

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi da mutumin nan mai keken guragu da ya nemi ka riƙa fita kamun kifi da shi, ka kuma ce kana tsoron kada wani abu ya same shi a hannunka, har kana tunanin ka riƙa kamo kifin kana kai masa gida. Tsoron da kake ji daidai ne, domin ruwa ba ya sabo da kowa, amma shawarar kai masa kifi gida ka ajiye ta gefe. Mutumin nan su yake so ya yi da hannunsa, ya ji fizgar kifi a zare kamar yadda kake ji, kuma aikinka shi ne ka gyara masa hanya da mazauni da kayan aiki, sannan ka ja baya ka bar shi da ruwansa.

Kafin ka taɓa komai, zauna da shi ka tambaye shi abin da jikinsa yake iyawa da abin da yake ba shi wahala, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum biyu suna iya zama a keke iri ɗaya, ɗaya hannuwansa sun fi naka ƙarfi, ɗayan kuwa ba ya iya damƙe sanda. Ka tambaye shi ko ya iya iyo, ko yana iya tashi daga keken ya koma wani mazauni da kansa, da kuma yadda yake so a riƙe shi in buƙatar ɗauka ta taso. Kada ka tura kekensa ko ka ɗaga shi sai ya ce ka yi, domin keken nan a wurinsa tamkar ƙafafunsa ne.

Wahalar farko takan tare shi tun bai kai bakin ruwa ba. Yashi da taɓo da tsakuwa mai zamewa suna cafke ƙananan tayoyin gaba na keke, gangaren da kai kake sauka ba tare da ka lura ba kuwa yana iya kifar da shi. Ma'aunin da magina suke bi shi ne kada gangare ya wuce ɗaya cikin 12, wato duk saukar taku ɗaya a ba ta tsawon taku 12, faɗin hanyar kuma kada ya gaza santimita 90. Inda ƙasa take da laushi, shimfiɗa katakai masu kauri, ka haɗa su da kyau yadda taya ba za ta faɗa tsakaninsu ba. A inda zai zauna yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe mai faɗin mita ɗaya da rabi domin ya juya keken ba tare da ya matsa kusa da gefe ba.

A Amurka, inda aka kafa dokar kare haƙƙin nakasassu a 1990, ƙa'idojin gini na 2010 sun yi bayani har a kan dandamalin da ake tsayawa a yi fatsa. Sun ce aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na shingen dandamalin kada tsayinsa ya wuce inci 34, kimanin santimita 86, kuma a rarraba waɗannan gajerun wurare a sassa daban-daban. Na daɗe ina yaba wannan sharaɗi na rarrabawa, domin wanda ya rubuta shi ya fahimci kamun kifi: kifi yana bin inuwa da zurfi da tafiyar ruwa, kuma in ka keɓe wa mutum kusurwa ɗaya tak, ka hana shi zaɓin da shi ne rabin sana'ar. Sun kuma tanadi ɗan tudu mai tsayin inci 2 a gefen dandamali domin ya tare taya. Ko ba ka da dandamali, gungume ɗaya da ka kafe da turaku a bakin gaɓa zai yi maka wannan aiki.

Batun shiga kwale-kwale shi ne inda nake so ka fi nutsuwa. Mutum a kan keke yana zaune sama da yadda muke zama, nauyinsa ya hau sama, don haka ƙaramin jirgi mai siririn ciki yana saurin tangaɗi da shi. Keken lantarki kuma, da batiransa, yana iya kai nauyin babban mutum ko ya fi. A Ingila akwai jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki waɗanda goshinsu yake sauka ya zama gada, keke ya gangara ciki kai tsaye. In naka ba irin wannan ba ne, gara ya bar keken a tudu ya zauna ƙasa-ƙasa a tsakiyar jirgi, a kan mazauni mai majingina da matashi mai laushi. In kuwa dole ya shiga da keken, ka danne birki, ka sa wa tayoyi waigi, amma kada ka taɓa ɗaure mutumin a jikin keken ko a jikin jirgi. In jirgi ya kife, ƙarfen zai ja shi ƙasa kafin ka kai gare shi. Rigar hana nutsewa kuwa ya sa ta tun yana tudu, kuma ka nemo irin wadda take juya mutum ta ɗaga fuskarsa sama ko da bai motsa ba, ka gwada ta a jikinsa a ruwa marar zurfi kafin ranar fita.

Akwai abin da ido ba ya gani. Wanda lakar bayansa ta sami rauni sau da yawa ba ya yin gumi a sassan da ke ƙasa da raunin, saboda haka zafi yana cin sa da sauri, sanyin jiƙaƙƙen tufafi ma haka. Yana iya kasa jin ƙugiya ta soke shi a cinya, ko ƙarfe mai zafi yana ƙona shi, dogon zama wuri ɗaya kuma yana jawo gyambo mai wuyar warkewa. Ka tanadi inuwa da ruwan sha da busassun kaya, ka ba shi damar gyara zama a kai a kai, ka taƙaita fitar farko zuwa awa biyu ko ƙasa da haka.

Kayan aiki su ne mafi sauƙi. Mai hannu ɗaya ana ɗaura masa ɗamara mai kube a ƙugu ko a ƙirji ta riƙe gindin sanda, hannunsa ya ji da naɗe zare. Wanda damƙarsa ba ta da ƙarfi, naɗa roba a mariƙin sanda ya yi kauri, ka ɗaura masa ƙugiyoyi da yawa tun a gida. In makaho ne ya zo maka wata rana, ƙaramar ƙararrawa a kan sanda da yatsa a kan zare sun ishe shi, sai dai ka ajiye wuƙa da ƙugiya a wuri ɗaya kullum, ka kuma faɗa masa kafin ka wurga taka fatsar cikin ruwa. Kurma kuwa ku daidaita alamun hannu na tsayawa da na haɗari tun kuna tudu. 

Ranar farko ku tsaya a gaɓa, a ruwa mai kwanciya, ka zo da mutum na uku mai ƙarfi wanda ya iya iyo. In kifi ya ci, hannunka zai yi ƙaiƙayin karɓe sandar, musamman in ka ga babba ne. Riƙe ragar kwasa ka tsaya ta gefensa, ka jira har sai ya jawo shi kusa ya ce maka ka ɗauko.