Kafin ka tura wa kowa waƙarka

Ka ce wani ya yi maka magana a Facebook, wai yana haɗa littafin waƙoƙin matasa, ka tura masa naka guda goma sha biyu ta WhatsApp, kana tambaya ko ka tura. Ka kuma haɗa da tambayar yadda ake gane kari, wato ma'aunin waƙa. Ta biyun ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara biyu yana zama a zaurena a Tudun Wada, in har yau kunnensa ba ya jin inda ɗango ya yi ɗingishi, bayani ba zai gyara shi ba. Je ka ɗauki waƙoƙin Aƙilu Aliyu ka rera da ƙarfi kana buga cinya.

Ta farkon ce ta sa na ajiye kofin shayina.

Dab da zaɓen 1999, soja na shirin miƙa mulki, ina da waƙoƙi cike da littafin rubutu na 'yan makaranta guda uku, aikin shekara bakwai. Burina in kai su kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya, inda aka buga na manya, amma gaggawa ta ci ni. Sai ga wani mai maɗaba'a har gida. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya kira ni Fasihi ya fi sau goma, kaina ya kumbura. Na ɗauko littattafan nan uku na miƙa masa hannu da hannu. Akwai mai fotokwafi a bakin layinmu, wallahi ƙyashin kuɗin kawai na ji. Babu takarda, babu shaida. Ai mu 'yan'uwa ne, in ji shi.

Yau takarda ta yi tsada, gobe inji ya lalace, jibi ba wuta. Na yi ta safa da marwa har takalmina ya cinye.

Wata safiya ina zaune wurin mai shayi a Kasuwar Barci, kaset na tashi daga shagon kusa, sai na ji bakina yana bin waƙar tun kafin mawaƙin ya kai. Tawa ce. Ƙwar biyar ɗin nan, mai ɗango biyar-biyar a baiti, da na yi wa mahaifiyata, wadda ta rene mu da kuɗin ƙosai. An cire sunanta an cusa sunan wani ɗan takara, an ɗora kiɗa. Abin da ya fi ƙona min rai har gobe, sunan nan gaɓa huɗu ne, gurbin kuwa na gaɓa biyu ne. Mawaƙin sai haɗiye rabin sunan yake yi don ya shige. An yi sata, an kuma karya kari! Mai shayi har kaɗa kai yake, yana cewa wannan yaro ya iya waƙa.

Na je wurin mai maɗaba'ar. Ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce littattafan sun ɓata da ya sauya shago, waƙa kuma ai baki ne, kowa na iya faɗa. Lauyan da na gani tambaya ɗaya ya yi min: Malam, ina kwafinka? Abin da na iya tunowa da ka bai kai sulusi ba. Tsohuwa ta rasu ba ta ga waƙarta a takarda ba.

Ku kuma yaran yanzu ɓarawo ba ya ma buƙatar durƙusawa, yabo ɗaya a waya kun zazzage masa komai. Kowa so yake a kira shi sha'iri kafin gemu ya fito.

To, ɗana, tambayi mutumin Facebook ɗin nan ina maɗaba'arsa, wane littafi ya taɓa bugawa, ka riƙe shi a hannunka ka gani. Ya rubuta cewa haƙƙin mallaka naka ne, sunanka zai fito, kwafi nawa zai buga, ya sa hannu gaban mutum biyu. Kafin nan ka karanta waƙoƙin a zaman ƙungiyar marubuta ta ANA a nan Kaduna, jama'a su ji su daga bakinka. In duk ya cika, ba shi biyu, ba goma sha biyu ba.

Ranar Asabar bayan La'asar ka zo min da littafin. Baiti na uku na waƙar damina ɗin nan har yanzu bai miƙe ba, kuma ba za ka kai shi ko'ina a haka ana cewa ɗalibina ne ba.