Tambayoyinku: batirin da zai riƙe rauta da kyamarori idan an ɗauke wuta

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, domin duk kan abu ɗaya suke: kayan da ke cin wuta ƙarama, bolt 12 (12V), irin su rauta, wato na'urar da ke raba intanet, da kyamarorin tsaro, da kuma yadda za su ci gaba da aiki idan an ɗauke wuta.

Wani mai shagon POS daga Kawo a Kaduna ya ce: "Malam, da an ɗauke wuta rautata ke mutuwa, ciniki ya tsaya. Inbata zan saya, ko wannan ƙaramin akwatin UPS da ake tallarsa mai 10000mAh?"

Malam, ajiye batun inbata idan rauta kaɗai ce damuwarka. Juya bayan cajarta ka karanta, galibi za ka ga 12V 1A. Wato da ma irin wutar batir take ci. Inbata za ta ɗauki wutar batir ta mayar da ita 230V, cajar rauta kuma ta sake sauko da ita 12V. Kowane juyi akwai asara, ga shi ita kanta inbata tana shan wuta ko da ba ka jona mata komai ba. Wani lokaci abin da take sha ya fi na rautar.

Ƙaramin akwatin UPS, mai batir a ciki da ke riƙe kaya idan an ɗauke wuta, ya fi dacewa da kai, amma kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wannan 10000mAh an auna shi ne a kan bolt 3.7 na ƙananan batiran lithium da ke ciki. Idan ka ninka 10000mAh, wato amfiya-awa 10 (10Ah), da bolt 3.7, wat-awa 37 ke nan, kuma bayan asarar ɗaga wutar zuwa 12V abin da zai zo hannunka bai fi 30 ba. Rautar da ke cin wat 8 za ta yi kusan awa 4. Idan a layinku wuta kan yi awa 8 ba ta dawo ba, wat-awa 64 kake buƙata, akwati ɗaya ba zai kai ka ba. Wannan lissafin shi ne gaba da komai: wat ɗin da kayanka ke ci, sau awannin da kake so. Yi shi a takarda kafin ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi, domin mai shago abin da ke kan kantarsa zai yaba maka.

Ka tafi da cajar rautarka a gwada bakin a gabanka, a tabbatar tsakiyarsa ne fozitib kamar yadda zanen jikin cajar ya nuna. Idan kuma aka ce maka batiran ciki irin masu lamba 18650 ne kowanne 9900mAh, bar wurin. Na gaske ba sa wuce 3500mAh da wani abin kirki.

Wata Hajiya daga Unguwar Rimi ta rubuto: "Ina da kyamarori huɗu da na'urar naɗar hoto. Mai gyara ya haɗa mini da batirin mota, wata shida bai cika ba ya daina riƙe wuta. An cuce ni ne da jabu?"

Hajiya, ba lallai jabu ba ne. An ba shi aikin da ba nasa ba. Batirin mota an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, injin ya tashi, nan take a mayar masa da abin da ya bayar. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne. Idan ana tatse shi kullum dare har ya ƙare, suna lalacewa cikin 'yan watanni. Wanda ya dace da ke shi ne wanda masu sola ke kira dif-saikul, mai farantai masu kauri.

Bari mu yi lissafinki. Na'urar naɗar hoto da faifanta a ce wat 15. Kowace kyamara da dare, lokacin da fitilun ganin duhu suka kama, a ce wat 5. Jimla wat 35. Awa 10 na dare, wat-awa 350. Batirin dalma, ko da dif-saikul ne, ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, saboda haka sai mai wat-awa 700, kusan 60Ah a bolt 12. Ni 100Ah zan ce ki saya, domin batir yana raguwa da shekaru. Idan aljihu ya yarda, batirin lithium irin LiFePO4 mai 12.8V 50Ah zai yi wannan aikin. Ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da ya ji jiki ba, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, inda na dalma ke ƙarewa a ɗaruruwa. Tsadarsa a rana ɗaya take. Sai dai ki tabbatar yana da allon kariya na BMS a ciki, kuma cajar tasa ce, wadda ke tsayawa a 14.6V ko ƙasa da haka.

Akwai abin da nake ganin ya taimaka wajen kashe na farkon, kuma mutane ba sa kula da shi: ƙaramar caja. Kin sha 30Ah da dare, cajar tana ba da amfiya 2, sai ta yi awa 15 kafin ta mayar. Ina awa 15 na wuta a jere? Batirin sai ya yi ta kwana da yunwa, gishirin salfet ya daskare a farantansa, shi ke nan. Mai 100Ah caja mai amfiya 10 yake so.

Sai zafi. Ƙarfin da aka rubuta a jikin batir an auna shi ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar batirin dalma gida biyu. Kin san yadda Kaduna take a Maris da Afrilu. Kada a ɗora shi cikin silin ko a kulle shi a akwatin ƙarfe da rana ke duka. Ƙasa, cikin inuwa, inda iska ke wucewa.

Na uku ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna: "Ina so in haɗa UPS da kaina don aikin ƙarshen karatu. Na ga wasu suna jona caja 12V kai tsaye da batirin 7Ah da kayan aiki. Haka ya isa?"

Ƙanena, bai isa ba, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka kama aiki. Caja mai 12V ba za ta taɓa cika batirin 12V ba, domin cikakkensa ma yana nuna wajen 12.7V a mita. Batirin da zai zauna jone dare da rana yana son 13.5V zuwa 13.8V. Duba jikin mai 7Ah ɗin, an rubuta, har da cewa amfiyar caji kada ta wuce 2.1.

Ga tsarin da nake so ka bi. Samo tsohuwar cajar laftof mai 19V, ta asali ko da ta hannu ce, ta fi sabuwa mara nauyi aminci. Sa mata allon saukar da bolt na XL4015, irin wanda ake saita bolt da amfiya duka biyu. Bayansa sa dayod na Schottky, mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, don kada batir ya koma yana zuba wuta cikin allon idan an ɗauke. Dayod ɗin yana cinye kusan 0.4V, don haka a bakin batir za ka ɗora mita lokacin saiti, har ka ga 13.8V a can. Amfiya ka tsayar a 2: ɗaya na kayan aiki, ɗaya na caji, kuma ko an cire kayan aikin batir ba zai sami fiye da ƙa'idarsa ba. Kyan wannan tsari shi ne babu wani sauyi da ake jira. Batir yana kan layi tun farko, wuta na tafiya shi ke riƙe da kaya, rauta ba za ta ko ƙyafta ba.

Abubuwa biyu ba na yafe wa ɗalibi idan ya bari. Na farko fis, wanda ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, a manne da ƙafar fozitib ta batir, amfiya 3 zuwa 5 ga irin wannan. Ɗan batirin nan da kake rainawa, idan wayoyinsa suka haɗu, zai narkar da roba ya kama labule. Na biyu abin da zai yanke wuta idan batir ya yi ƙasa. Saita shi ya yanke a 11.5V, kada ya mayar sai an kai 12.5V. Idan ka sa lambobin biyu daidai da juna, da ya yanke batir zai ɗan farfaɗo, rile, wato makunnin da ke yankewa, ya sake kamawa, ya sake saki, ya yi ta ƙaf-ƙaf har ya ƙone. Malaminka zai tambaye ka dalilin wannan tazarar, ka riƙe amsar.

Tsakanin batir da kayan aiki kuma, tunda wutar tana yawo daga 13.8V zuwa 11.5V, sa allon da ke ɗagawa yana saukarwa ya tsayar da ita a 12V. Rauta da yawa ba su damu ba, amma faifan na'urar naɗar hoto yana damuwa, Hajiya ma ta faɗa wa mai gyaranta wannan. Akwatin da za ka zuba komai, masu ƙira a Panteka za su lanƙwasa maka, ka ce su huda masa ramukan iska sama da ƙasa. Kafin ka kai wa malami, cika batirin, cire wuta, jona kayan, ka riƙa rubuta abin da mita ke nunawa duk rabin awa har ya yanke, sannan ka gwada da lissafin da ka yi a takarda.