Zuwan jaraba daban, faɗawa cikinta daban

Ɗan'uwa, ka ce tun bayan baftismarka tsohuwar sha'awar nan ba ta sake ka ba, har kana shakkar tubanka. Kada ka karaya. Yesu kansa an jarabce shi a jeji bayan azumin kwana 40, bai kuwa yi zunubi ba. Yakubu 1:14-15 ya nuna yadda abin yake tafiya: sha'awa ta ja mutum, ta yi ciki, ta haifi zunubi. Sai a tare ta tun da wuri.

Dubi Yusufu, da matar maigidansa Fotifar ta cafke rigarsa tana neman ya kwana da ita, barin rigar ya yi a hannunta ya fita da gudu. In wayarka ce take kayar da kai da tsakar dare, ka bar ta a wani ɗaki kafin ka kwanta. Ka nemi dattijo guda a ikilisiya wanda za ka gaya wa gaskiya, domin ɓoyewar nan ita ke ƙara wa abin ƙarfi.

Romawa 6:14 alkawari ne: zunubi ba zai mulke ka ba, gama kana ƙarƙashin alheri. In ka faɗi, ka furta wa Allah a ranar, kada kunya ta hana ka addu'a.