Babu gareji, ina zan ajiye motar da nake farfaɗowa?

Toh yarona na ga saƙonka. Kace tsohuwar motar nan da ka samo so kake ka farfaɗo da ita a hankali, aikin zai iya cin shekara ko fi, ga shi babu gareji babu rumfa, shine kake tambaya ko ka nemo babban tamfol ka naɗe ta ruf har ƙasa ka ɗaure da igiya shikenan.

Kar ka soma. Wallahi gara ka barta haka a fili da ka naɗe ta da tamfol na leda ka toshe ko'ina. Ruwan saman da kake tsoro zuba yake ya gangare, rana ta fito ta busar, wanda ke cinye mota shine danshin da ya shiga ya rasa ta inda zai fita. Da rana cikin tamfol ya ɗau zafi ƙasa ta saki tururi, dare ya yi ƙarfe ya huce tururin ya koma ruwa ya kwanta a jikin bodi, gobe haka jibi haka. Ka ɗaga irin wannan tamfol ɗin da sassafe ka shafa cikinsa, zaka ji shi sharkaf alhali ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Ga kuma iska, tana kaɗa shi yana gogar fenti da ƙurar da ke tsakani kamar sanfefa, gefen rufi da kan madigadi su zasu fara ɓarewa.

Ka fara da ƙasan da zata tsaya tukuna. Ciyawa ko turɓaya su ne mafi muni, don tsatsa daga ƙasa take hawowa, ta ci falon motar, wato ƙarfen da ake taka ƙafa a kai, da shasi da bututun birki kai kana can kana duba sama. In akwai daɓen siminti toh madalla. In babu ka shimfiɗa leda mai kauri ka zuba tsakuwa a kai, kuma wajen ya zama mai ɗan gangare kar ruwa ya kwanta. Ƙarƙashin bishiya kuwa ka manta da shi duk da inuwar, ganye da kashin tsuntsu da ƙaro duk a kanta zasu sauka, kashin tsuntsu ma cin fenti yake.

Rufi kuma, sama zaka tare ka bar gefe iska na wucewa. In zaka iya kafa sanduna huɗu ka ɗora kwano ko ka ɗaure tamfol ɗin a sama yadda baya taɓa mota, ka gama rabin aiki. In dole sai rigar mota, ka nemi ta yadi wadda ke numfashi mai laushi a ciki, ka wanke motar ta bushe ƙarau kafin ka sa, ka ɗaure tamau, kuma duk ranar da aka yi rana mai kyau ka yaye ta ka buɗe ƙofofi da but da bonet ta sha iska.

Yanzu ga inda yara irinku ke faɗawa. Ka samu Asabar ɗaya ka zage ka kankare fentin mota gaba ɗaya har ƙarfe, ka fesa firaima, wato fentin share fage, mai ruwan toka kace sai wani watan. Ƙarfe tsirara a waje kafin gari ya waye ya fara ja, ita kuma firaimar gama-gari tana shan ruwa, bodi fila da ake cike lotsawa da ita ma haka, sai tsatsa ta tashi a ƙarƙashinsu baka gani, sai bayan ka yi fenti mai kyau kaga yana ƙuraje. Tunda waje kake aiki, fale ɗaya zaka ɗauka, ƙofa ko madigadi, ka kankare ka gyara ka rufe shi da firaimar ifoksi a ranar, ita ce ke hana ruwa ratsawa. Abin da baka shirya gamawa ba ka bar masa tsohon fentinsa ko da ya yi muni.

Ka durƙusa ka duba ƙasan kowace ƙofa, akwai 'yan ramuka da kamfani ya bari don ruwa ya fita, haka a dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, da kwarmin da ke gindin gilashin gaba wajen waifa. Ka zura waya ka tone su. Zaka sha mamakin taɓon da zai zubo, wani lokacin ka girgiza ƙofa kaji ruwa na ƙara a ciki. Kafet da soson da ke ƙarƙashinsa ka ciro su, kujeru ma in da hali ka kai ɗaki, don robar gilashin tsohuwar mota kusan duk yoyo take, kafet kuma ya sha ruwa ya riƙe shi a kan falo. Dashbod ka rufa masa kwali saboda rana.

Inji ba wuya. Ka zuba sabon baƙin mai, ka kwance filogi ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane silinda, ka juya injin da hannu da sifana ka mayar da filogi, lokaci lokaci ka riƙa sake juyawa kar ringi ya kama. Amma wannan ɗabi'ar ta tayar da mota minti 5 a kashe wai ana ɗumama ta, ni ban yarda da ita ba sam, ruwa kawai take tarawa a salansa da cikin baƙin mai tunda injin bai yi zafin da zai ƙone shi ba. Ko ta yi tafiyar minti 20 zuwa 30 ko ka ƙyale ta. Fetur yana lalacewa cikin 'yan watanni ya daskare a kabureta, toh tunda zamanta zai yi tsawo ka zuƙe tanki da kabureta. Lagireto kar ka bar zallan ruwa a ciki, kulan zaka zuba, wato ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, in wajen sanyi ne mai ƙanƙara ma zallan ruwa fasa bulok yake. Batir ka cire ka kai ciki kana caji.

Hambirki kar ka ja, shu ɗin birki manne wa diram ɗin taya yake, weji zaka sa a taya. Ka ƙara wa tayoyi iska ka riƙa ɗan tura ta gaba ko baya don kar su kwanta gefe ɗaya, ko ka ɗora ta kan jak na tsaye, ba bulo ba dan Allah, bulo fashewa yake ba sallama.

Sai ɓera. Ka cusa soson ƙarfe a bakin salansa da hanyar shigar iska, ka rubuta a takarda ka manna a sitiyari don kar ka manta ka tayar da ita a toshe. Kuma duk sati ka ɗaga bonet ka haska tocila wajen wayoyi, in kaga kashi ko tsumma a yayyage ka ɗana tarko a daren.