Hukuncin ciyar da tsuntsayen da ke sauka lambu lokacin hunturu

Tambaya: Malam, ina da lambu a gefen Daura. Da hunturu ya kama, kurciyoyi da gwara da wasu baƙin tsuntsaye sukan cika wurin. Ina watsa musu gero, amma suna tsinke mini latas, yara kuma na harbinsu da danƙo. Mene ne hukunci?

Amsa: Wasu daga cikin baƙin nan daga Turai suke tsallako Sahara wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris ko Afrilu. Ciyar da su mustahabbi ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya ce duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Ka ga ashe har latas ɗin da suka tsinka ba ta tafi a banza ba.

Sai dai alheri yana da sharaɗi: kada ya cutar. Kada ka zuba hatsin da ya yi fumfuna, ko ragowar iri da aka cakuɗa da maganin ƙwari, domin kisa ne. Tafi ɗaya ko biyu da safe ya isa. Abin da ya kwana ɓeraye yake kira. Ruwa ma sun fi buƙata a wannan bushewar. Zuba shi a kasko, zurfin kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, ka sa dutse a tsakiya, ka canja kullum, ka ɗaga shi inda kyanwa ba ta kaiwa. In kana kiwon kaji, nisanta kaskon da akurki. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006, kuma haɗa kaji da tsuntsayen a ruwa ɗaya hanyar yaɗuwarta ce.

Kare amfaninka halas ne. Rufe fangali da raga ko tsohon gidan sauro, ka rataya gwangwanaye. Guba kam ba ta halatta, don ba ta zaɓen wanda za ta kashe.

Batun yara: a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, farauta don wasa makaruhi ce, don ci kuwa halas. Amma tsuntsun da dutsen danƙo ya kashe kafin a yanka shi mushe ne, ba a ci. A hana su.

Wallahu a'alam.