Ambaliya ba tare da damina ba

Tambaya: Ɗana yana karatu a birnin Winnipeg na Kanada, ya ce suna fargabar ambaliya a watan Afrilu, alhali ba damina ake yi ba. Yaya haka? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, gaskiya ya faɗa miki. Dusar ƙanƙarar da ta taru duk tsawon hunturu ce take narkewa idan ɗumi ya shigo, kuma da yake ƙasa tana nan a daskare, ba ta iya shanye ruwan, sai ya gangara gaba ɗaya cikin Kogin Red, wanda ya ratsa Winnipeg. Kogin yana kwarara ne daga kudu zuwa arewa, wato daga Amurka zuwa Kanada, saboda haka ruwan da ya riga ya narke a Amurka yakan tarar da ƙanƙarar arewa ba ta saki ba, ta toshe masa hanya. Idan aka samu ruwan sama a kai, lamarin ya ƙazanta, domin yankin fili ne shimfiɗaɗɗe.

A Afrilun 1997 ruwa ya mamaye garin Grand Forks a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, amma Winnipeg ta tsira saboda babbar magudanar da aka kammala a 1968 wadda ke karkatar da ruwa ta gefen birnin. Ki ce masa ya riƙa bin sanarwar hukuma, kada kuma ya taka kan ƙanƙarar kogi a wannan lokaci.